Radar motoci: doka ta ba su fili, amma ba ta raba musu layi ba

A bayan bambar gaba ta yawancin sababbin motoci akwai wata 'yar na'ura da ake kira radar. Aikinta ta harba igiyar rediyo, ta jira amsa-kuwwa ta dawo, ta lissafa nisan abin da ke gaba da saurinsa. Da ita mota ke taka birki da kanta idan direba ya shagala. Tun Yulin 2024 Tarayyar Turai ta wajabta irin wannan birki ga duk sabuwar ƙaramar mota, Amurka kuma ta sa 2029 a matsayin wa'adi. Wato radar za ta yawaita a tituna, kuma dukkansu a fili ɗaya suke magana.

Filin shi ne zangon igiyar rediyo na gigahaz 76 zuwa 81 (gigahaz ma'aunin mitar igiya ne, kamar megahaz na tashar FM, sai dai ya ninka shi sau dubu). A 2015 babban taron Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ya buɗe guntun da ya rage a tsakiya, daga 77.5 zuwa 78, zangon ya haɗe. A 2017 hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta ba radar motoci zangon baki ɗaya. Turai kuwa tun 2004 ta ware musu gigahaz 79. Tsohon zango mai faɗi na gigahaz 24, wanda radar motoci ke amfani da shi a da, an rufe shi ga sababbin na'urori daga farkon 2022, a Amurka da Turai duka.

To me dokar ta ce? Ta ƙayyade inda radar za ta yi aiki, da iyakar ƙarfin da za ta fitar, da cewa kada igiyarta ta malala zuwa zangon maƙwabta. Mai mota ba ya neman lasisi. Amma a dokar Turai ta 2004 akwai sharaɗin da ya kamata a lura da shi: an yarda radar ta yi aiki ne bisa cewa ba za ta dami wasu ba, kuma ba ta da ikon neman kariya idan an dame ta. Babu inda aka ce wannan mota ta yi shiru waccan ta yi magana.

A nan gizo ke saƙa. Amsa-kuwwar da radar ke jira tafiya biyu take yi, zuwa da dawowa, don haka a gajiye take isowa. Idan nisa ya ninka biyu, ƙarfinta kan ragu sau 16. Ita kuwa igiyar motar da ke tahowa ta ɗaya hannun kai tsaye take shigowa, sau 4 kawai take raguwa. Kamar mai kasa kunne ga raɗa ne, wani ya zo yana ihu a gefensa. Sakamakon iri biyu ne: ko hayaniya ta rufe abu mai raunin amsa-kuwwa, irin mai tafiya a ƙasa ko mai keke, ko kuma, a wasu lokuta ƙalilan, radar ta ga abin da babu shi, mota ta taka birki a banza. Na farkon ya fi ba ni tsoro, domin direba ba zai ma san an yi ba.

A yanzu kowane kamfani kansa yake ceto. Wani radar ɗinsa kan gano sashen da ya gurɓata ya goge, wani ya riƙa tsalle daga wannan mita zuwa waccan. Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani bincike mai suna MOSARIM daga 2010 zuwa 2012 a kan waɗannan dabaru, hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ita ma ta fitar da rahoto a 2018 kan cunkoson radar. Dabarun suna aiki muddin motocin kaɗan ne. Sai dai mota ɗaya a yau kan ɗauki radar biyar ko fiye, kuma wanda ya yi tsalle ya guje wa wani yana iya faɗawa kan na uku.

Shi ya sa injiniyoyi ke maganar daidaitawa. Shawara mafi sauƙi ita ce a raba zangon bisa alƙibla: motar da ta nufi gabas ta ɗauki wani sashe, mai yamma ta ɗauki wani, radar gaba daban, ta baya daban. Wata shawarar a raba lokaci, kowa ya harba a nasa zagayen, agogon tauraron ɗan'adam ya daidaita su. Ta uku motoci su riƙa sanar da juna ta zangon gigahaz 5.9 da aka ware don hirar mota da mota, duk da cewa a 2020 FCC ta rage shi daga megahaz 75 zuwa 30.

Duk waɗannan sai kowa ya bi suke amfani, kuma kamfanin da ya fara bi shi kaɗai ya taƙaita radar ɗinsa ne kawai, abokan hamayya na cin fili. Ga kuma miliyoyin motocin da ke kan titi tuni, waɗanda za su shekara goma ko fiye suna harbawa yadda aka ƙera su, ko da gobe aka sa hannu a sabuwar ƙa'ida.