Tsofaffin taswirorin farfaganda na yaƙin basasar Amurka: tambayoyi da amsoshi

Me ya raba su da taswirar soja?

Ta soja don kwamanda ake zana ta, ya san hanya da kogi da gada. Ta farfaganda kuwa farar hula ake nufi da ita, a karkato da ra'ayinsu a yaƙin da aka gwabza tsakanin Arewa da Kudu daga 1861 zuwa 1865, bayan jihohin Kudu sun ɓalle daga tarayyar Amurka.

Wacce ta fi shahara?

Taswirar macijin Janar Winfield Scott, babban kwamandan sojojin Arewa a farkon yaƙin, wadda J. B. Elliott ya buga a Cincinnati a 1861. Shawarar Scott ita ce a toshe tashoshin ruwan Kudu, a ƙwace kogin Misisipi, a shaƙe tattalin arzikinsu sannu a hankali. Sai aka zana ƙatuwar mesa, wutsiyarta naɗe da sandar tuta a Washington, jikinta ya bi gaɓar teku ya kewaye jihohin Kudu, kanta ya sauko ta Missouri.

Akwai wadda ta yi aiki da alƙaluma?

Akwai, kuma a ganinmu ta fi macijin tasiri. A Satumbar 1861 aka fitar da taswirar yawan bayi da Edwin Hergesheimer ya zana bisa ƙidayar 1860, lokacin bayi sun kusa miliyan 4. Kowace gunduma an rina ta gwargwadon kason bayinta: inda suka yi yawa ta yi duhu, inda suka ƙaranta ta yi haske. Gundumar Issaquena ta jihar Misisipi ta haura kashi 90 cikin 100. Ba a zagi kowa a jikinta ba, amma mai ido zai ga cewa wuraren da suka fi duhu su ne kan gaba wajen ɓallewa. An sayar da ita don tallafa wa sojoji marasa lafiya da masu rauni, kuma shugaban Amurka na lokacin, Abraham Lincoln, ya riƙa duba ta.

Yaya ake gane ta asali?

A ɗora mata gilashin ƙara girma mai ninki 10. Bugun zamani yana nuna ɗige-ɗigen launi a jere reras, bugun dutse na wancan lokaci, wato bugu daga zanen da aka yi a kan faffaɗan dutse, ba ya nuna haka. Inda aka shafa launi da hannu, yakan ɗan tsallake layin iyaka. Kada a dogara da shekarar da ke rubuce a ƙasa, domin kwafi ma yana ɗauke da ita.

Me ke lalata su?

Danshi, haske da salatif. A ajiye ta a shimfiɗe cikin fayil marar asid, danshin ɗaki tsakanin kashi 30 da 50, zafi kada ya wuce digiri 21. Danshi idan ya yi yawa yana kawo fumfuna da tabo ruwan ƙasa. Ninki kuma nan takarda ke fara tsagewa. Gam ɗin salatif yana ratsa takarda ya bar shaidar da ba ta fita, saboda haka in ta yage a kai wa ƙwararren mai gyaran takardu, kuma kada a kuskura a laminata ta.