Tatsuniyar Hunturu: Wasan Shakespeare a Kan Kishi da Yafiya

The Winter's Tale, wanda ma'anar sunansa ita ce "Tatsuniyar Hunturu", wasan kwaikwayo ne mai kashi biyar da marubucin Ingila William Shakespeare (1564–1616) ya rubuta a ƙarshe-ƙarshen aikinsa, wajen 1610 zuwa 1611. Labarin wani sarki ne da kishi ya rufe wa ido, ya yi wa matarsa ƙazafi da amininsa, ya rasa ɗansa, ya sa aka yar da jaririyarsa, sannan ya shafe shekara 16 yana nadama kafin a mayar masa da wani yanki na abin da ya salwantar. Kashi uku na farko ban tausayi ne zalla, na huɗu waƙa ne da rawa da barkwanci, na biyar kuwa sulhu da aure. Wannan gaurayen shi ya sa manazarta suka daɗe suna gardamar aljihun da za a sa wasan.

Sunan ya fito daga bakin ƙaramin ɗan sarki, Mamillius. Mahaifiyarsa ta ce ya yi mata tatsuniya, sai ya ce ai labari mai ban tausayi shi ya fi dacewa da lokacin sanyi. Ya fara ke nan, da wani mutum da ke zaune kusa da maƙabarta, ubansa ya faɗo ɗakin da dogarai. Tatsuniyar ba ta ƙarasu ba. A Ingila ta wancan zamani, "labarin hunturu" irin wanda tsofaffi ke yi ne a bakin wuta, ba a tambayarsu hujja. Su kansu mutanen wasan sun ce fiye da sau ɗaya abin da ke faruwa da su ya yi kama da tsohuwar tatsuniya.

Asali da bugu

Shaida mafi daɗewa ta fito daga Simon Forman, wani mai magani kuma mai duban taurari a Landan, wanda ya rubuta cewa ya kalli wasan a gidan wasa na Globe ranar 15 ga Mayu, 1611. Abin dariya, darasin da ya ɗauka shi ne mutum ya yi hattara da mabaratan ƙarya da masu daɗin baki. Bai ko ambaci fitowar ƙarshe da duniya ta fi sanin wasan da ita ba. An yi wasan a fadar Sarki James na Ɗaya a watan Nuwamba na shekarar, an kuma sa shi cikin shagulgulan auren 'yar sarki, Gimbiya Elizabeth, a hunturun 1612 zuwa 1613.

Ba a buga shi ba sai 1623, bayan mutuwar marubucin da shekara bakwai, a cikin kundin wasanni 36 da abokan aikinsa John Heminges da Henry Condell suka tattara. Sun sa shi na ƙarshe a jerin wasannin ban dariya. A ƙarni na 19 ne manazarci Edward Dowden ya haɗa shi da wasu wasannin Shakespeare, wato Pericles da Cymbeline da The Tempest, ya ware su a matsayin rukuni guda na wasannin rabuwa da sake saduwa.

Shakespeare ya ɗauko ƙashin labarin daga Pandosto, ƙagaggen labarin da Robert Greene ya fitar a 1588. Greene ɗin nan shi ake dangana wa ƙasidar 1592 da ta yi wa Shakespeare habaici da hankaka mai ado da gashin wasu tsuntsaye. A labarin Greene sarauniya ta mutu da gaske, sarki ya kamu da son 'yarsa bai san ita ba ce, da gaskiya ta bayyana kuma ya kashe kansa. Shakespeare ya musanya ƙasashen biyu da labarin ya faru a cikinsu, Sisili da Bohemiya, ya bar sarauniya da rai, ya ƙirƙiro Paulina da Autolycus. Duk mai nazarin wasan zai amfana idan ya fara da waɗannan canje-canje, domin a nan niyyar marubucin ta fi fitowa fili.

Labarin

Polixenes, sarkin Bohemiya, ya yi wata tara yana baƙunta a gidan abokinsa na ƙuruciya, Leontes, sarkin Sisili. Ya ce zai koma gida. Leontes ya roƙe shi ya ƙara kwana, ya ƙi. Sai Leontes ya ce wa matarsa Hermione, wadda ke da tsohon ciki, ta sa baki. Ta sa, baƙo ya yarda. Daga nan zuciyar Leontes ta juya: yaya aka yi ya ji maganarta bai ji tawa ba? Ya umarci bafadensa Camillo ya sa wa Polixenes guba. Camillo ya tona asirin, suka gudu tare da dare, gudun kuwa ya zama wa Leontes tabbacin zarginsa.

Aka jefa Hermione kurkuku, a can ta haifi 'ya mace. Paulina, matar wani bafade mai suna Antigonus, ta ɗauki jaririyar ta kai wa sarki ko zuciyarsa za ta yi sanyi. Ya ce 'yar gaba da Fatiha ce, a ƙone ta. Da fadawa suka durƙusa suna roƙo, ya sassauta zuwa a kai ta wani daji a wajen ƙasarsa a yar. Aka fito da Hermione shari'a a bainar jama'a tana cikin jego. Ana cikin haka manzanni biyu da sarki ya aika, Cleomenes da Dion, suka dawo da amsa daga gidan tsafin Apollo, abin bautar Girkawan dā: Hermione tsarkakakkiya ce, Polixenes ba shi da laifi, Camillo amintacce ne, Leontes azzalumi ne mai kishi, kuma sarki zai zauna ba magaji muddin ba a gano abin da ya ɓata ba. Leontes ya ce ƙarya ne, a ci gaba da shari'a. Bai rufe baki ba aka zo da labarin Mamillius ya mutu saboda damuwa da halin uwarsa. Hermione ta faɗi sumammiya, Paulina ta dawo ta ce ita ma ta cika.

Antigonus ya ajiye jaririyar a gaɓar tekun Bohemiya da zinariya da takardun shaida, ya sa mata suna Perdita, wato "ɓatacciya" da Latin. Dabbar beyar ta kore shi ta cinye, jirginsa kuma ya nitse. Wani tsohon makiyayi ya tsinci yarinyar.

Sai Lokaci da kansa ya hau dandamali a siffar mutum, ya shaida wa 'yan kallo cewa shekara 16 ta wuce. Perdita ta girma, Florizel ɗan Polixenes yana sonta. A bikin askin tumaki, Polixenes ya zo a ɓad-da-kama, ya ga ɗansa zai ɗaura alkawari da 'yar makiyayi, ya bayyana kansa yana barazanar rataye tsohon, da ɓata fuskar yarinyar, da hana ɗan gado. Masoyan suka tsere zuwa Sisili bisa shawarar Camillo. A can aka gane ko wace ce Perdita, sarakunan biyu suka shirya. Paulina ta gayyace su gidanta su ga mutum-mutumin Hermione. Aka yi kiɗa, mutum-mutumin ya motsa ya sauko.

Kishin da ba mai zuga

Tambayar da ɗalibai suka fi cin karo da ita ita ce: me ya tada kishin Leontes? A Othello, wani wasan Shakespeare kan kishi, akwai Iago, annamimin da ke ɗiga guba sannu a hankali. A nan babu kowa. Duk wanda ke fadar, daga Camillo har Antigonus, yana gaya wa sarki ya yi kuskure. Shi ya zuga kansa, cikin 'yan layuka kaɗan. Wasu daraktoci kan sa ɗan wasan ya shigo tun farko da fuska a murtuke, don a ce abin ya daɗe yana cinsa. Wasu kan bar shi ya faɗo kamar farfaɗiya. Rubutun ya fi goyon bayan na biyu, ko da yake wata taran da baƙon ya yi da kuma cikin da ke gab da haihuwa lissafi ne da marubucin ya ajiye a gaban kowa da gangan.

Harshen Leontes ma shaida ne. Jimlolinsa a kakkarye suke, yana fara magana ya katse, kalma mai tsabta ta zama batsa a bakinsa. Har yau masu tace rubutun ba su daidaita a kan ma'anar wasu layukansa ba. Misalinsa da ya fi shahara shi ne na gizo-gizo a cikin ƙoƙon sha: in mutum ya sha bai gani ba, ba abin da zai same shi, in ya gani kuwa sai amai, shi, in ji shi, ya sha kuma ya gani. Matsalar ita ce babu gizo-gizo a ƙoƙon. Kuma da yake mai kishin sarki ne, zatonsa ya zama hukunci. Abin da zai tsaya a rigimar ɗaki ya koma tuhumar cin amanar ƙasa.

Mutum ɗaya ce ta tsaya masa ido da ido, ita ce Paulina. Ya kira ta mayya, ya ce zai sa a ƙone ta, ba ta ja da baya ba. Bayan ya tuba kuma ba ta sassauta ba: shekara 16 tana tuna masa wadda ya kashe, ta kuma sa ya rantse ba zai sake aure ba sai da izininta.

Auren itace

A bikin makiyaya akwai wata muhawara da ta cancanci tsayawa. Perdita ta ƙi shuka wasu furanni masu rodi-rodi, don ta ji hannun mutum ne ya gauraya su. Polixenes ya ce ai ba aibu: akan ɗaura reshe mai daraja a kan kututturen daji, a sami iri mafi kyau, wannan fasahar ma daga halitta ta fito. Kalmar da ya yi amfani da ita ita ce "aure", daidai yadda manomi ke cewa mangwaro ɗan aure. Kafin biki ya watse, mutumin da ya yabi auren itace ya yi tsalle ya dire a kan ɗansa ba zai auri 'yar talaka ba. Ita kuma mai ƙin gauraye tana shirin auren ɗan sarki, alhali ba ta san jininta na sarauta ba ne.

Autolycus, ɗan koli mai sayar da waƙoƙi da kayan ƙyale-ƙyale, ɗan sane ne kawai, an sa masa sunan wani ɓarawo na tatsuniyoyin Girka. Ba ya tuba, ba a kuma hukunta shi.

Mutum-mutumin

Shakespeare ya yi wani abin da ba a saba ba: saduwar Leontes da 'yarsa, wadda kowa ke jira, bai nuna ta ba, sai wasu fadawa uku suka ba da labarinta. Ya tanadi ƙarfinsa ne don fitowar ƙarshe. An ce mutum-mutumin aikin Giulio Romano ne, mai zanen Italiya da ya mutu a 1546. Leontes ya lura fuskar tana da tamoji, alhali Hermione ba ta tsufa haka ba. Paulina ta ce gwanintar mai sassaƙar ce, ya yi ta kamar yadda za ta kasance da tana raye. Kafin ta kira kiɗa, ta gindaya sharaɗi cewa sai kowa ya farkar da imaninsa.

Shin ta mutu ta tashi ne, ko ɓoye ta aka yi? Alamu sun karkata ga ɓoyo: an ce Paulina takan je wani keɓaɓɓen gida sau biyu ko uku kowace rana, Hermione kuma ta ce ta adana kanta ne don ta ga 'yarta. Amma Leontes ya ce ya gan ta matacciya, a zatonsa, har ya sha yin addu'a a kabarinta. Marubucin ya ɓoye wa 'yan kallo gaskiyar, abin da ba ɗabi'arsa ba ne.

Yafiyar kanta ba a furta ta ba. Hermione ta rungumi mijinta, amma ba ta ce masa uffan ba. Maganarta ɗaya tak, addu'a ce ga Perdita da tambayar inda ta rayu. Mamillius bai dawo ba. Antigonus bai dawo ba, sai dai sarki ya haɗa Paulina da Camillo aure nan take, ba tare da an ji ta bakinta ba. Masu karanta wasan a matsayin "komai ya yi daidai" sukan tsallake wannan lissafin.

Kurakuran taswira da tarihin dandamali

Bohemiya, wadda ke cikin Jamhuriyar Cek a yau, ba ta da teku. Ben Jonson, abokin sana'ar Shakespeare, ya yi masa ba'a a kan haka, kuma a 1744 Thomas Hanmer ya canza sunan ƙasar zuwa Bitiniya a bugunsa don ya rufe ɓarakar. A wasa guda ga masu bautar Apollo, ga sarauniya Hermione 'yar sarkin Rasha, ga mai zanen ƙarni na 16. Tatsuniya ce, ba ta ɗauki alkawarin taswira ba. Umarnin dandamali na cewa Antigonus ya fita beyar na binsa ya zama mafi shahara a duk rubutun Shakespeare. Kusa da Globe akwai filin da ake haɗa beyar faɗa da karnuka, sai dai ɗan wasa sanye da fata ma ya isa ya yi aikin.

A ƙarni na 18 an fi son rabin makiyayan, har ɗan wasa David Garrick ya yanke yawancin ɓangaren Sisili a sigarsa ta 1756. A 1887 Mary Anderson ta fito a matsayin Hermione da Perdita duka biyu, Judi Dench ta maimaita haka a 1969 a ƙarƙashin darakta Trevor Nunn, sannan ta dawo a matsayin Paulina a 2015 tare da Kenneth Branagh. Fitowar John Gielgud a matsayin Leontes a 1951, da Peter Brook ya shirya, na cikin abin da ya dawo wa wasan da martabarsa. A 2014 Christopher Wheeldon ya mayar da shi rawa zalla a Landan, ba kalma ko ɗaya. Ɗaya daga cikin ƙananan watannin duniyar Uranus ma sunansa Perdita: kumbon Voyager 2 ya ɗauki hotonsa a 1986, amma ba wanda ya lura da shi a cikin hotunan sai a 1999.