Waiwaye: Yadda aka gano inda ake toshe almakashin ƙwayar mura

Ƙwayar cutar infuluwenza, wato mura mai tsanani, ba ta iya ficewa daga tantanin jikin da ta hayayyafa a ciki sai ta yanke abin da ya maƙale ta. Wani enzayim, wato furotin da ke jikin ƙwayar, da ake kira niyuraminides shi ne almakashinta. Idan aka toshe shi, sai sababbin ƙwayoyin su cure wuri guda, su kasa yaɗuwa.

An daɗe kafin a ga yadda antibodi, sinadarin kariyar da jiki ke haɗawa, yake damƙe shi. Cikakken antibodi lanƙwashewa yake yi, da ƙyar yake daskarewa ya zama kiristal, alhali sai da kiristal ake haska eksire a gane mazaunin kowace zarra. A 1959 Rodney Porter ya datsa antibodi da sinadarin da ake samu a jikin gwanda, ya ware guntun da ke kama cuta, wanda ake kira Fab. Roberto Poljak ya fitar da siffar guntun a Amurka a 1973.

Daga nan aiki ya koma Ostareliya. Peter Colman da Jose Varghese da Graeme Laver sun bayyana siffar niyuraminides a 1983, sannan a 1987 aka ga guntun wani antibodi mai suna NC41 manne da niyuraminides ɗin da aka ciro daga ƙwayar murar wani tsuntsun teku. Hotunan sun nuna abu mai muhimmanci: antibodi a gefen ramin da niyuraminides ke yin yankan a ciki yake zama, kuma gefen nan ne ƙwayar ke sauyawa ta kuɓuce. Cikin ramin kuwa kusan ba ya canzawa. Shi aka auna aka ƙera maganin zanamivir, wanda aka amince da shi a 1999.

Shekaru da dama ana ganin antibodi ya yi wa ramin girma. Sai a 2019 aka bayyana wani antibodi mai suna 1G01, da aka samu a jinin wani da ya kamu da murar H3N2, mai dogon zare da yake zurawa har cikin ramin. Ya kare ɓeraye daga nau'o'in infuluwenza A da B.

Abin da ke damuna shi ne, har yau da hemagulutinin, furotin da ƙwayar ke kama tantani da shi, ake auna ƙarfin allurar rigakafin mura ta shekara-shekara, ba a ƙayyade yawan niyuraminides da ke cikinta ba. Bayan abin da hotunan nan suka nuna, ya kamata a gyara.