Rukunan gidajen zamani na Berlin

Rukunan gidajen zamani na Berlin unguwanni shida ne da aka gina wa ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi a babban birnin Jamus tsakanin 1913 da 1934. A shekarar 2008 hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Su ne Falkenberg, Schillerpark, Britz, Carl Legien, Weisse Stadt da Siemensstadt, kuma har yau mutane na zaune a cikinsu.

Kafin a gina su, yawancin talakawan Berlin a manyan gidajen haya suke cunkushe, ɗakuna ba iska ba hasken rana, iyalai da dama na haɗa banɗaki ɗaya. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya matsalar muhalli ta yi ƙamari. A 1924 aka ɗora haraji kan kuɗin hayar tsofaffin gidaje, aka riƙa zuba wani kaso nasa a ginin sababbi ta hannun kamfanonin da ba riba suka sa gaba ba, irin su GEHAG wanda ƙungiyoyin ƙwadago suka kafa. Abin da aka nufa shi ne kowane iyali ya samu ɗakin girki da banɗaki nasa, da baranda, da fili mai ciyayi a kusa.

Huɗu daga cikin unguwannin akwai hannun mai zanen gine-gine Bruno Taut a zanensu. Wadda ta fi shahara ita ce ta Britz, da ya tsara tare da Martin Wagner daga 1925: dogon bene ne da ya lanƙwasa kamar takalmin kofaton doki, ya kewaye wani kududdufi, ga layukan ƙananan gidaje a bayansa, jimilla gidaje kusan 2,000. Taut ya san ba kuɗin ado, sai ya mai da fenti adonsa. Ja, shuɗi, rawaya, kowane layi da nasa launin, har ƙofofi da firam ɗin tagogi. A Siemensstadt kuwa su Hans Scharoun da Walter Gropius ne suka yi aiki. Da 'yan Nazi suka karɓi mulki a 1933 wannan salo ya daina samun karɓuwa. Taut ya bar ƙasar, ya rasu a Istanbul a 1938.

Kāre irin waɗannan gidaje ya fi kāre fada ko coci wuya, domin darajarsu tana cikin ƙananan abubuwan da mai gida ke saurin canzawa. Taga ta katako ta tsufa, sanyi na shiga, mazaunin yana son ta roba, kuma yana da hujja. Amma in kowa ya sa tasa, ya shafa fentin da ya ga dama, fasalin layin gaba ɗaya ya tafi. Haka launukan Taut suka ɓace a wurare da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka yi ta gyare-gyare cikin gaggawa, birnin kuma ya rabu biyu, Falkenberg da Carl Legien suka faɗa ɓangaren Gabas. Daga ƙarshen shekarun 1970 masana irin su Winfried Brenne suka fara kankare bango a hankali suna gano fentin asali, aka riƙa mayar da shi.

An ayyana Britz a matsayin gini mai kariya a 1986. Bayan sayar da GEHAG, kamfanin da ke da unguwar, ga 'yan kasuwa a 1998, ƙananan gidajen suka riƙa komawa hannun ɗaiɗaikun mutane, sai ya zama hukumar kula da kayan tarihi da ɗaruruwan masu gida take hulɗa maimakon kamfani ɗaya. Dokar Berlin ta wajabta neman izini kafin a taɓa taga, ƙofa, rufi ko launin bango, wasu mazauna kuma sun haɗa ƙungiya suna tattara bayanan yadda kowane gida yake tun asali. Abin da dokar ba ta iya tarewa shi ne hauhawar farashi, wanda ke sa gidajen da aka gina domin ma'aikata su fi ƙarfin ma'aikacin yau.