Waiwaye: Girgizar Ƙasa a Ƙauyukan Tsaunukan Afganistan

Girgizar ƙasar da ta afka wa lardin Kunar na gabashin Afganistan da tsakar daren 31 ga Agustan 2025 ta kashe mutane fiye da 2,200, alhali ƙarfinta bai wuce maki 6.0 ba. Duk wanda ya bi tarihin ƙasar zai ga cewa yawan mamata bai cika tafiya daidai da ƙarfin girgizar ba.

Afganistan tana zaune ne a yankin da faifan ƙasa na Indiya, wato ƙaton ɓangaren ɓawon duniya da ke ɗauke da Indiya, yake tura wanda ke ɗauke da Turai da Asiya, kuma wannan turereniya ce ta ɗaga tsaunukan Hindu Kush. A shekarar 1998, girgiza biyu, ɗaya a Fabrairu ɗaya a Mayu, suka hallaka dubban mutane a lardunan Takhar da Badakhshan, ana tsakiyar yaƙin basasa. A Maris ɗin 2002 garin Nahrin na lardin Baghlan ya rushe. Amma girgizar 26 ga Oktoban 2015 ce ta fi bayyana yadda lamarin yake, domin ƙarfinta ya kai maki 7.5, sai dai ta taso daga zurfin sama da kilomita 200, shi ya sa waɗanda suka rasu a Afganistan da Pakistan ba su wuce ɗaruruwa ba. Ta Kunar kuwa zurfinta bai wuce kimanin kilomita 8 ba, don haka duk ƙarfinta ya sauka kai tsaye a kan ƙauyuka.

Sauran bayanin yana cikin gidajen kansu. Mazauna kwaruruka suna gini da laka da duwatsu, su ɗora rufin ƙasa mai nauyi a kan katako, sau da yawa gida a saman gida a jikin gangare, ta yadda idan na sama ya faɗi sai ya danne na ƙasa. Lokacin da girgizar ta zo ma yana yin tasiri. Ta lardin Paktika, ranar 22 ga Yunin 2022, ta riski mutanen gundumomin Gayan da Barmal suna barci, ta kashe fiye da 1,000. Ta Herat, ranar 7 ga Oktoban 2023, da hantsi ta zo, maza sun fita aiki, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mafi yawan mamatan mata ne da ƙananan yara da ke cikin ɗaki.

Bayan rushewa kuma sai matsalar hanya. A Kunar zabtarewar ƙasa ta toshe 'yan hanyoyin da ake da su, aka koma ga jirage masu saukar ungulu, yayin da mutanen ƙauye suke tonon 'yan'uwansu da shebur da hannu.

A nan siyasa ta ƙara dagula al'amarin, kuma laifin bai tsaya a gefe ɗaya ba. Tun da Taliban suka karɓi mulki a Agustan 2021 aka riƙe kuɗaɗen babban bankin ƙasar a Amurka, sannan yanke tallafin da Amurka ta yi a 2025 ya taimaka wajen rufe ɗaruruwan ƙananan asibitoci. Su kuma Taliban sun hana mata karatun jinya da ungozoma a Disambar 2024, a ƙasar da iyalai da yawa ba sa yarda namiji ya duba mace, lamarin da ya sa matan Kunar da suka jikkata suka fi kowa jinkirin samun magani.