Waiwaye: Yadda zaren fatsa ya daina ruɓewa

Muhawara kan zaren fatsa da ake bari cikin ruwa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Masu kare muhalli na nuna hotunan kunkuru da tsuntsayen da zare ya shaƙe, masunta kuma na cewa babu mai zubar da kayan sana'arsa da gangan. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya kiyasta cewa kusan kashi 2 cikin 100 na kayan kamun kifi na duniya na salwanta kowace shekara, ciki har da kimanin kilomita 740,000 na igiyar mamari, wato doguwar igiya mai ɗauke da ƙugiyoyi da yawa. Sai dai lamarin ya daɗe yana tafe.

Farkon labarin sananne ne. An yi zare da rama, da auduga, da siliki, da gashin jelar doki, wanda wani littafi da aka buga a Ingila a 1496 ya koyar da yadda ake tufka shi. Daga baya aka samu na cikin tsutsar siliki, wanda yankin Mursiya na Sifaniya ya yi suna a kai: a jiƙa tsutsar cikin ruwan tsami, a ja jakar silikinta har ta miƙe ta zama tsinke. An ƙirƙiro nailan a Amurka a 1935, kafin 1940 kuma har an fara sayar da zarensa.

Yawanci a nan ake tsayawa, a ce nailan ne mafarin ɓarna. A ganina an yi gaggawa. Nailan na farko bai karɓu ba: yana da tauri, yana nannaɗewa, ƙullinsa na zamewa. Kusan shekara 20 masu fatsa da yawa na riƙe da zaren da aka kitsa.

Inda lamarin ya juya shi ne ƙarshen shekarun 1950, lokacin da aka samu nailan mai laushi, siriri, mai araha, daidai da yaɗuwar na'urar naɗe zare mai sauƙin jifa. Abin da ya ɓace a lokacin ɗabi'a ce. Zaren zamanin da, in aka naɗe shi da danshi ruɓewa yake. Dole masunci ya warware shi bayan kowace fita, ya shanya, ya shafa wa na siliki mai, taru kuma a dafa shi da ɓawon itace ko a tsoma cikin kwalta. Hannu na bin zaren kamu bayan kamu, duk inda ya ci a gani a gyara. Wanda ya sha wannan wahala ba ya yanke zare ya jefar don kawai ya harɗe. Da sabon zare ya zo, yankewa ta fi kwancewa sauƙi, saye ya fi gyara araha. Ga shi kuma abin da ya faɗa ruwa ya daina narkewa, tunda ƙwayoyin halittar da ke cinye auduga ba sa iya cin nailan.

Abin da ya biyo baya ƙari ne kawai. Zaren wani nau'in roba mai suna fulorokabon da ya fito daga Japan a farkon shekarun 1970 ya fi ɓuya a idon kifi, ya fi nutsewa, kuma rana ba ta cinsa kamar nailan. Kitsattsen zaren roba na shekarun 1990 ya ƙara ƙarfi da sirantaka.

Yanzu ana gwada zare mai ruɓewa da akwatunan tara tsohon zare a bakin ruwa. Amma mai ruɓewan ya fi tsada, kuma masunta na ƙorafin ƙarfinsa na raguwa tun yana hannunsu, shi ya sa har yau nailan ke riƙe da kasuwa.