Kungfu: kalmar da muka ɗauka sunan faɗa ce

Duk wanda ya taso yana shiga gidan kallo ya san yadda ake tashi daga fim ɗin Chanis. Yara su fito a guje, wannan ya daka tsalle ya kai wa iska shuri, wancan ya lanƙwashe hannu kamar kan kububuwa yana ƙara. Ka tambaye su me suke yi, su ce maka kungfu. Haka kalmar ta zauna a bakinmu, faɗan Sinawa na hannu da ƙafa. Har karate, wanda asalinsa tsibirin Okinawa ne na Japan, da taikwando na Koriya, mukan zuba su buhu ɗaya mu kira su da wannan suna.

A Sinanci kuwa kalmar ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Gaɓa biyu ce: ta farko tana nufin aiki da abin da aiki ya haifar, ta biyu tana nufin mutum. Idan aka haɗa su, ana nufin gwanintar da mutum ya samu bayan ya daɗe yana shan wahala a kan abu guda. Mai girki yana iya zama mai kungfu, haka masassaƙi, haka mai zayyanar rubutu. A kudancin Sin, wajen Fujian da Chaozhou, akwai wata hanyar haɗa shayi da ake kira shayin kungfu saboda natsuwar da take buƙata: 'yar ƙaramar buta, 'yan mitsi-mitsin kofuna, a zuba ruwan zafi a tsiyaye nan da nan, a sake zubawa, a sake tsiyayewa. Kuma idan Basine ya ce maka ba shi da kungfu na yin abu kaza, sau da yawa nufinsa ba shi da lokaci. Lokaci da wahala da gwaninta, duk kalma ɗaya ta ɗauke su.

Da za a ce in mayar da ita Hausa, "yau da gobe" zan ce, wadda Bahaushe ya ce ita ke sa allura ginin rijiya. Tsaya wurin mai shayi da sassafe ka ga yadda yake ɗaga kofi sama da kansa yana tsiyayo shayi cikin wanda ke daidai ƙugunsa, idonsa na kan mai miƙo masa kuɗi, ko ɗigo bai zuba ba. Ba ranar da ya kafa tebur ya iya haka ba. Ya ƙona yatsu, ya yi asarar madara, har abin ya zauna a hannunsa. To wannan ne kungfu a ma'anarsa ta asali.

Sunan da ya fi dacewa da dabarun faɗa shi ne wushu, wato fasahar yaƙi. Mutanen kudu ne, musamman na Hong Kong, suka saba kiran dabarun da kungfu, finafinansu kuma suka yawata da kalmar a duniya. Babu wanda ya kai Bruce Lee tasiri a nan. An haife shi a San Francisco a 1940, ya girma a Hong Kong, ya koyi salon Wing Chun a hannun Ip Man, ya rasu a watan Yulin 1973 yana da shekara 32. Abin da da yawa ba su sani ba, a 1958 shi ne ya lashe gasar rawar cha-cha ta Hong Kong.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya lura. Faɗan fim rawa ce da aka tsara, taku bayan taku, kowa ya san inda hannun abokinsa zai sauka. Jackie Chan da Sammo Hung makarantar wasan dandali na gargajiya irin na Beijing suka yi tun suna yara, a hannun wani malami mai suna Yu Jim-yuen, inda ake koyar da waƙa da alkafura da faɗan dandali a tare. Jackie ya shekara kusan goma a can, ana tashinsu tun duku-duku, ana duka idan an yi kuskure. Michelle Yeoh 'yar Malesiya kuma rawar bale, wata rawar dandali ta Turawa, ta je koya a Landan, ciwon baya ya raba ta da ita, sai ta shigo fim da wannan jikin da rawa ta hore. Ba ta yi makarantar faɗa ba kafin nan, amma ta iya ƙirga taku, ta iya haddace motsi, ta saba da jin zafi. A 2023 ta karɓi kyautar Oscar.

Tun da na fahimci ma'anar kalmar, da ita nake auna duk fim ɗin da aka gina shi a kan jikin ɗan Adam, na faɗa ne ko na rawa. Tambayata ɗaya ce: ina ganin yau da gobe a jikin wannan mutumin? Shi ya sa nake ƙaunar tsofaffin finafinan Hong Kong. Kyamara takan ja baya ta nuna mutum daga kai har ƙafa, a yi musayar duka goma ko fiye ba a yanke hoto ba. Yanzu kuwa sai a riƙa yankawa kowace daƙiƙa, a nuna gwiwar hannu, a nuna ido, a cike gurbin da kwamfuta. Idan na ga haka raina yakan ɓaci, domin na san ana ɓoye mini cewa ɗan wasan bai biya kuɗin abin da yake nunawa ba.

Inda ma'aunin ya fi yi mini amfani shi ne finafinan masu naƙasa, kuma finafinan faɗa sun daɗe da son irin wannan labari. A 1967 kamfanin Shaw Brothers ya fitar da fim ɗin darakta Chang Cheh a kan wani mai takobi da aka sare wa hannun dama, Jimmy Wang Yu ne ya fito a matsayinsa. Shi ne fim ɗin Hong Kong na farko da ya tara sama da dalar Hong Kong miliyan ɗaya a gida. Abin da ya kama zuciyata a cikinsa shi ne mutumin ya koma farko. Ya ɗauki guntun takobin mahaifinsa da wani littafin koyo da wuta ta cinye rabinsa, ya fara koya wa hagu abin da dama ta sani. Naci, in ji Bahaushe, damben kuturu. Amma Wang Yu hannunsa biyu lafiya lau, ɗaure ɗaya aka yi a cikin riga. Haka Shintaro Katsu na Japan, wanda ya fito a matsayin makaho mai takobi Zatoichi a finafinai 26 daga 1962 zuwa 1989, yana gani sarai.

Ban ce mai ido ba zai taɓa fitowa a makaho ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake mayar da naƙasa kamar laya. Da zarar jarumi ya makance, sai a ba shi kunnen da ke jin faɗuwar allura a bayan gari, kamar Allah ya karɓi ido ya yi masa musaya nan take. A unguwarmu akwai wani bawan Allah da ya rasa ganinsa yana babba. Na ga watannin da ya yi yana koyon hanyar masallaci daga ƙofar gidansa. Sandarsa tana taɓa bakin kwata, ya tsaya, ya lalubi katangar maƙwabci, ya ƙirga taku har zuwa turken wutar lantarki. Ya faɗa kwatar nan ba sau ɗaya ba, ƙaurinsa duk tabo. Yau yana zuwa sallar asuba shi kaɗai, mai kallo ya ce ai makafi Allah ya ba su baiwa. Duk fim ɗin da ya tsallake waɗannan watanni ya ci haƙƙinsa, domin ya ɗauke wahalarsa ya kira ta sa'a.

Shi ya sa labarin Sudha Chandran ya fi mini dukkansu. 'Yar rawar gargajiyar Indiya ce, ta yi hatsarin mota a 1981 tana budurwa, ciwon ya ruɓe aka yanke mata ƙafar dama. Aka sa mata ƙafar roba irin wadda ake ƙerawa a birnin Jaipur na Indiya, ta koma koyo, dungun yana zubar da jini, har ta sake hawa dandali a 1984. Da aka zo yin fim a kan rayuwarta, ita aka ba matsayin. Duk takun da ta buga a ƙasa a fim ɗin, da ƙafar robar ta buga shi, kuma mai kallo ya san haka.

Sai kuma 'yan rawa kurame 21 na ƙasar Sin da suka fito a shirin talabijin na bikin sabuwar shekarar Sinawa a 2005, Tai Lihua tana gaba. Sun jeru ɗaya bayan ɗaya har ka ɗauka mutum guda ne, sai hannaye su riƙa buɗewa ta ko'ina kamar fure, daidai da kiɗan da ba sa ji. Wurin atisaye, girgizar ganga da ke biyo daɓe zuwa tafin ƙafa suke bi. Ranar wasa kuma malamansu suna tsaye a kusurwoyin dandali suna ƙirga musu kiɗan da hannu. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma, kuma duk lokacin da kyamara ta ɗan ja baya, waɗannan malaman nake nema a gefe, hannuwansu a sama suna ƙirge.